Lambar da Malama Rakiya ta ba ni riƙo

Yau da safe labarin ya same ni, ina tsaye a layin asambuli da murmushi a fuskata.

Da murmushi, wallahi. Shi ne abin da ya tsaya mini a wuya tun safe.

Malama Rakiya, malamarmu ta lissafi, ta rasu da asuba wajen haihuwa. Jaririyar tana nan da rai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Masu bina a nan sun san ni ba mai dogon rubutu ba ce. Hoton fure nake sakawa, ko na hadari a kan duwatsun bayan unguwarmu, in saka in gudu, ko abin da aka rubuto a ƙasa ba na iya dubawa. Yau ku yi haƙuri da ni. Akwai maganar da in ban fitar da ita ba, ban san yadda zan kwana da ita ba.

Bari in fara daga yadda ta san ni.

Farkon shigarmu SS2 ne. Ina can bencin ƙarshe jikin taga, na tsayar da littafin lissafi, a cikinsa kuma na ɓoye littafin soyayya. Na kai daidai inda saurayin ya dawo daga doguwar tafiya, ya tsaya a ƙofar gidansu yarinyar ya kasa yin sallama. Ban ji takun Malama ba. Ƙamshin turarenta kawai na ji, sai na ga inuwa a kan shafin.

Duk aji suka juyo. Kowa ya san makomar irin wannan littafin, ko a yaga shi a gaban aji, ko a kai shi ofis.

Ta ɗauka, ta juya bayansa, ta auna kaurinsa da yatsu kamar mai tayin doya.

"Habiba, duk wannan za ki karanta?"

Na gyaɗa kai.

"Don kawai ki ji wa ya auri wa?"

Aji ya fashe da dariya. Ji na yi kamar in shige cikin hijabina kar in sake fitowa.

Sai ta ajiye mini shi a kan benci ta ce, "Rufe shi har a tashi. Ran Alhamis ki zo kulob ɗin lissafi. Mai irin wannan haƙurin nake nema."

Shi ke nan. Ba duka, ba ofis. Bayan kwana biyu ma ta tare ni a baranda ta ce, "To, ya yi sallamar kuwa?" Ashe ta karanta shafin.

Kulob ɗinta ba kamar sauran ba ne. Ba gasa, ba kyauta. A farkon zango takan ba kowace yarinya lamba ɗaya, kuma ba ta kiran abin aiki, riƙo take cewa. "Na ba ki riƙon wannan. Ki kula da ita, ki san halinta, ki san danginta." In kin gama, sai a sa miki wata Alhamis ki tsaya gaban allo ki gaya wa kowa wace ce lambarki. Wannan ranar ita take kira ranar suna. Har masa take sayowa wajen matar da ke soyawa a bakin makaranta, mu ci bayan an gama, wai ba a taron suna da yunwa.

Babban abin da ake so ki gano shi ne ko lambarki prime ce. Ga wanda ya bar lissafi a makaranta, prime ita ce lambar da babu mai raba ta daidai ba saura, sai ɗaya da ita kanta, kamar 7 ko 13. Malama masu taurin kai take ce musu.

Doka ɗaya ce, ba waya, ba kalkuleta.

"Waya za ta ce miki e ko a'a," in ji ta. "Ni kuwa ba e ko a'a na tambaye ki ba."

Tagwayen ajinmu, Hassana da Usaina, ta ba su 10007 da 10009. Su ma a lissafi tagwaye ake ce musu, duka biyun masu taurin kai ne, kuma biyu ce kawai tsakaninsu. Ƙawata Rifkatu, wadda muke benci ɗaya tun JSS, ta samu 2047. Da ta iso kaina, sai ta kama hannuna ta rubuta a tafina da biro.

131071.

Dubu ɗari da talatin da ɗaya, da saba'in da ɗaya.

Na ce a hankali, "Malama, tawa ta fi ta kowa girma."

Ta ce, "Littafinki ma ya fi na kowa kauri."

Daga baya ta gaya mana tawa da ta Rifkatu 'yan gida ɗaya ne. In ka jera 2 guda goma sha ɗaya ka ninka su, ka cire ɗaya, ka samu ta Rifkatu. In ka jera guda goma sha bakwai ka yi haka, ka samu tawa. Ta ce daga wannan gidan ne manyan masu taurin kai da duniya ta sani suke fitowa, waɗanda rubuta su kaɗai sai ya cinye littattafai. Amma ta ce kar sunan gida ya ruɗe mu, ba kowane ɗan gidan ne ya gaji halin ba.

Ba zan manta ranar sunan ta Rifkatu ba. Ita ba ta san kunya ba, ta fito gaban allo tana gyara ɗankwali kamar mai shirin faɗa a bakin famfo.

"Jama'a, wannan yaro da aka ba ni riƙo, maƙaryaci ne. Na yi ta yi masa hidima, ina cewa ɗan babban gida ne. Uku ya zo, ya ƙi. Bakwai ya zo, ya ƙi. Ashirin da uku na zuwa, ya buɗe masa ƙofa har da shimfiɗa tabarma! Ashirin da uku sau tamanin da tara. Malama, a canza mini, ba na so."

Malama ta yi dariya har ta dafe ciki da hannu biyu. Ranar ne muka fara lura da cikin.

Ni kuwa tawa, ban san lokacin da na fara sonta ba.

Ban taɓa gaya wa kowa ba sai Malama, amma yadda na ɗauke ta shi ne wata yarinya ce a wani gida, masu raba ta kuma manema ne da ke zuwa ɗaya bayan ɗaya. 3 ya zo, ta sallame shi da saura 1. 7 ya zo da babbar riga, ya koma da saura 3. 11 ya zo da abokansa, saura 6. 13 da ake ta yabon kyansa, saura 5. Kowa ya zo sai ya koma da 'yar ragowarsa a hannu.

Ina girki ina yi da gawayi a kan simintin tsakar gida. Mamata ta fito ta tarar da ƙasa baƙi ƙirin da lambobi, ta ce, "Ke Habi, aljanu kike wa wasiƙa? Miyar na can na kamawa."

Wata rana na tsaya a ƙofar ofishin malamai har aka kusa komawa aji ban iya yin sallama ba. Ita ta hango ni ta fito. Na ce, "Malama, haka zan yi ta yi har in kai dubu ɗari?"

Ta ce, "In har za ta rabu, gida biyu za ta rabu, wannan sau wannan. Duka biyun za su iya zama manya ƙwarai?"

Na kwana biyu ina juya maganar kafin na gane. 362 sau 362 ya kusa kai ta, 363 sau 363 ya wuce ta. Ke nan in akwai mai raba ta, dole ɗayan bai wuce 362 ba. Kuma masu taurin kai kaɗai zan gwada, su saba'in da biyu ne a ƙasa da nan. Ranar da na gane haka na yi ta murmushi ni kaɗai a cikin keke, har matar da ke gefena ta ce, "'Yan mata, an sa rana ne?"

Na gwada su duka saba'in da biyun, da hannuna. Ba wanda ya shiga.

Da na je na raɗa wa Malama, sai ta ce in zauna. Ta tura mini ledar gyaɗarta. Ta ce, "Yanzu bari in gaya miki wani abu, amma kar ki yi fushi. A cikin manemanki saba'in da biyun nan, huɗu ne kacal suke da ikon ko yin sallama a ƙofar gidan."

Ta ce 'yan wannan gidan suna da sharaɗi. Tunda tawa daga goma sha bakwai ta fito, duk mai son raba ta sai ya zama ninkin 34 da ƙarin ɗaya, don 34 ita ce 17 sau biyu. In ka tace su, masu taurin kan da suka cika sharaɗin su ne 103, da 137, da 239, da 307. Su ma duk ta mayar da su. Abin dariya, 137 da 239 amsa iri ɗaya ta ba su, kowa saura 99.

Na manta da kunya na ce, "Haba Malama! Me ya sa ba ki faɗa ba tun farko?"

"Da na faɗa, da ba ki san ta ba. Da labarinta kawai kika ji."

Na ce to me ya sa sai ninkin 34.

Ta ce, "Wannan sai bayan suna. Shi ne tukuicinki."

Ranar ta nuna mini wasu abubuwa biyu. Ta ce a rubutun kwamfuta, inda ba a san komai ba sai sifili da ɗaya, lambata 1 ce guda goma sha bakwai a jere, ba sifili ko ɗaya, kamar sahun da ba a bar gurbi ba. Ta kuma sa na duba maƙwabtanta. 131073 tana rabuwa da 3, 131069 kuma tana rabuwa da 53. Ke nan tawa ba ta da 'yar tagwai irin ta su Hassana.

Komai na sani. Ko a barci aka tashe ni zan faɗa.

Abin da ya rage kawai in tsaya gaban allo.

Ban san yadda zan bayyana wa wanda bai da wannan ciwon ba. In idanu suka juyo kaina, muryata tafiya take. Ina jin maganar a ƙirjina, cikakkiya, amma in ta zo maƙogwaro sai ta zama iska. Hannuna ya jiƙe, kunnuwana su yi ta ƙara.

Alhamis ɗin da aka sa mini, na ce cikina na ciwo. Malama ta dube ni ta ce, "Allah ya sawwaƙe. Mun ɗaga."

Ta gaba, na shige masallacin makaranta na zauna har na ji an watse. Washegari ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce, "An ci masarki jiya. Wani satin ma zan sayo."

Kowa ya yi nasa sunan. Saura ni.

A lokacin ƙafafunta sun kumbura har takalminta ya daina shiga, silifas ɗin maigidanta take sakawa. A zaune take koyarwa, a wata farar kujerar roba da ta ɗora wa matashi. Daga Yelwa take zuwa kullum a keke, ga ramuka, ga rana. In ta rubuta layi biyu a allo sai ta dafa bango ta huta.

Na gani. Ba zan ce ban gani ba.

Jiya Laraba bayan an tashi, na tarar da ita a bakin get tana jiran keke, tana ɓare lemo. Na so in wuce ta bayan mai rake, ta kira ni.

"Uwar riƙo, zo nan."

Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta miƙo mini rabin lemon.

"Gobe ne fa."

Na ce, "Malama, don Allah in rubuta miki duka a takarda. Har da zane zan yi. Ba abin da zan bari."

"Na san kin sani, Habiba. Ba don in gane ko kin sani ba ne." Ta tofar da ƙwallon lemo a hannunta. "So nake ki ji muryarki ta kai bangon baya sau ɗaya. Sau ɗaya kawai. Daga nan ba mai iya ce miki ba ki da ita, ko ke kanki."

Na kalli silifas ɗin da ke ƙafarta.

"In ta maƙale, ki bar kallon kowa, ki ɗauka labarin manema kike ba ni. Daga jibi ni ma zan zauna a gida, ƙafafun nan sun fara zagina."

Keke ya tsaya. Na riƙe mata jaka har ta hau. Ta gyara zama da ƙyar, ta ce wa mai keken, "Malam, a hankali don Allah, mu biyu ne."

Wannan ce maganarta ta ƙarshe da na ji.

Yanzu ga abin da ya sa nake wannan rubutun.

Jiya bayan sallar magariba ban tashi daga kan sallaya ba. Gabana sai faɗuwa yake saboda gobe. Na ɗaga hannu na ce, ya Allah, ka sa Malama ta haihu kafin gobe.

Har wayo na ga na yi. Na ce ai ba mugun abu na roƙa ba. Ba ciwo na roƙa mata ba, ba hatsari ba. Haihuwa ce, abin da ita ma take jira. Za ta tafi hutu, zango ya ƙare, a manta da ni.

Tun safe nake ƙoƙarin tuna ko na ce ta haihu lafiya. Na juya, na juya, na kasa tunawa. Ina jin ban ce ba. Ina jin kaina kawai na tuna.

Yau ina shiga get, Usaina ta taho da gudu. "Kun ji? Jiya da dare aka kai Malama Rakiya asibiti, haihuwa ce."

Na ce alhamdu lillahi. Da ƙarfi na faɗa, ni da ba a jin muryata. Wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Na ce a raina, ashe addu'ata na ci haka? Na shiga layi ina jin kamar in yi tsalle. Har na tsokani Rifkatu, na ce yau ni zan saya mata awara.

Sai shugabar makaranta ta fito. Ba ta ce a yi taken ƙasa ba. Malaman da ke bayanta duk kansu a ƙasa. Ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa.

Murmushin yana fuskata lokacin da ta faɗi sunan.

Ban yi kuka a nan ba. Wasu sun faɗi, wasu suna ihu, ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni.

Bayan an kai ta, aka bar 'yan kulob muka tafi gaisuwa Yelwa da wasu malamai mata. Gidan haya ne, ɗaki biyu, cike da mata har waje. 'Yan uwanta sun iso daga Zungur. Na ga silifas ɗin nan a ƙofar ɗaki cikin takalman mutane, ba wanda ya kula da su.

Wata tsohuwa na riƙe da jaririyar cikin zani. 'Yar mitsitsiya, tana ta motsa baki.

Yayar Malama, wadda suke kira Adda Hauwa, ita ke karɓar gaisuwa. Da aka ce mata mu ɗalibanta ne, sai ta fashe da kuka ta kama hannun na kusa da ita.

"Ku ne 'ya'yan nata. Wallahi ta so ku. Na zo tun wancan satin don in zauna da ita, na ce Rakiya ki bar zuwa makarantar nan, dubi ƙafarki, an ce jininki na hawa. Ta ce Adda, saura yarinya ɗaya. Na ce wace irin yarinya ce ta fi lafiyarki? Ta ce ke dai bari, in na ji ta, zan zauna."

Matan ɗakin suka yi ta cewa Allah sarki, Allah ya saka mata, irinsu ba su da yawa.

Adda Hauwa ba ta san wace ce yarinyar ba. Ba zargi take ba, yabon ƙanwarta take. 'Yan kulob kuwa duk sun sani. Ba wadda ta juyo ta dube ni, kuma wannan rashin juyowar ya fi kallo ciwo. Rifkatu ta lalubo hannuna a ƙarƙashin hijabi ta matse.

Na so in ce, Adda, ni ce. Bakina ya buɗe. Iska ce ta fito.

To ga shi na faɗa a nan. Ni ce yarinyar.

Da muka koma makaranta ɗaukar jakunkunanmu, an riga an watse. Ajin ba kowa sai mu 'yan kulob da muka dawo tare. Farar kujerar tana gaban allo da matashinta. Na ɗauki jakata zan fita, Rifkatu ta tare ƙofa.

"Ina za ki, Bibi? Yau Alhamis."

Na ce, "Rifkatu, don Allah."

"Ba don Allah ɗin komai. Kin sa ta jira tana da rai. Yanzu ma za ki sa ta jira?" Idonta jajir, amma ba ta matsa ba. Ta ɗauko guntun alli a taga ta danna mini a hannu. "Ni na tsaya da maƙaryacin yaro a gaban mutane, ke da naki na kirki kike ɓoyewa. Ku zauna, jama'a."

Suka zauna. Su Hassana a gaba, sauran a baya.

Na rubuta 131071. Allin ya karye, na ɗauki rabin. Na juyo. Ban iya kallon kujerar ba, sai na kalli bangon baya, inda fenti ya ɓare.

Na ce, "Wannan ita ce lambar da Malama ta ba ni riƙo."

Hassana ta ce, "Ba ma ji."

Na sake faɗa. Wannan karon na ji ta dawo mini daga bangon.

Na faɗi gidansu. Na faɗi dalilin tsayawa a 362. Na kira manema huɗun da sunansu, na yi rabawar a allo ɗaya bayan ɗaya, 103 saura 55, 137 saura 99, 239 saura 99, 307 saura 289. Na faɗi sahun 1 guda goma sha bakwai, na faɗi maƙwabtanta. Na ce saboda haka prime ce, ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Hawaye na zuba, majina na zuba, amma maganar ba ta tsaya ba.

Sai na ga na gama.

Wallahi ko masa aka sauke daga tanda lokacin da na fara, ba za ta huce ba kafin in gama.

Wannan ne duka. Wannan ɗan abin ne na sa mace mai tsohon ciki ta yi ta hawa keke daga Yelwa saboda shi.

A nan kukan ya zo. Na durƙusa a gaban allo, Rifkatu ta rungume ni tana cewa, "Ya isa, ya isa, kin yi." Usaina ta tambaya cikin kuka, wai me ya sa sai ninkin 34. Na ce ban sani ba. Wadda za ta gaya mini ta ce sai bayan suna.

Da na dawo gida na gaya wa Mama komai, har addu'ar. Ban taɓa gaya mata abu mai nauyi haka ba. Tana tsince shinkafa, ta ajiye faifan ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Ke Habi, ke wace ce da za ki matso da ajalin mutum? Tun kafin a haifi uwarta aka rubuta mata wannan asubar. Da addu'arki na ci haka, da tuni an kawo wuta a unguwar nan, kullum ina jin ki kina roƙo don cajin waya."

Na yi dariya cikin kuka, ita ma idonta ya kawo ruwa.

Na ce, "To jiran da na sa ta fa?"

Ta ja faifan ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Wannan kam kin sa ta. Ita kuma ta zaɓi ta jira. Ki nemi gafarar Allah, ki riƙe abin da ta jira dominsa. In an kwana biyu zan raka ki wajen yayarta, ki faɗa mata da bakinki."

Na ce to. Kuma zan je.

Na yarda da maganar Mama. Na san ajali ba a hannuna yake ba, tun muna Islamiyya aka koya mana. Kaina ya sani. Amma yau na yi azahar, na yi la'asar, kuma duk ina sallamewa sai in miƙe da sauri in naɗe sallaya. Na kasa ɗaga hannu. Tsoron bakina nake ji. Matar da ta fi cancantar addu'ata a duniya yau, ita ce na kasa yi wa.

Shi ya sa na zo wajenku.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko bai san ta ba, ko lissafi ne abin da ya fi tsana a rayuwarsa, ya tsaya ya yi wa Malama Rakiya addu'a. Ku fara, ni zan bi bayanku. Bari in gwada a nan, a rubuce, a hankali, kar in bar komai a baya wannan karon.

Ya Allah ka jiƙan Malama Rakiya. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Ka karɓi wahalar da ta sha a matsayin shahada. Duk hawan keken da ta yi saboda ni, ka sa shi a mizaninta, ni kuma ka yafe mini. Ka ba maigidanta da Adda Hauwa da iyayenta haƙuri. 'Yar da ta bari, ka raya ta lafiya, cikin lafiya, da lafiya, ka haɗa ta da masu jiranta kamar yadda uwarta ta jira ni.

Ku ce amin, don Allah. Da ƙarfi.